Ɗanyen Tanki da Nunanne: Yadda Ake Shirya Wurin Killace Kifi da Wurin Hayayyafa

Wanda ya fara ajiye kifin ado a akwatin gilashi ba ya daɗewa kafin a ba shi shawarwari biyu da ba sa shan inuwa ɗaya. Ta farko ta ce kada ya kuskura ya saka kifi a sabon tanki sai ya ba shi mako huɗu zuwa shida ya nuna. Ta biyu ta ce duk kifin da ya sayo, da duk wanda ya ga alamar ciwo a jikinsa, ya ware shi nan take a wani tanki dabam. To shi wannan tanki na biyu, da aka zaro daga ɗakin ajiya aka cika da ruwa yau da safe, yaushe ya sami nasa makonnin? Mai son kifayensa su hayayyafa ma tambayarsa ke nan. Mace ta cika da ƙwai, ba za ta jira wata guda ba.

A kan wannan gaɓar masu kiwo suka rabu. Wasu sun ce dole a nunar da kowane tanki, ko na kwana goma ne. Wasu sun ce nunar da tankin killacewa ɓata lokaci ne, tunda magani zai rusa aikin. Kowane ɓangare na da hujja, kuma ba za a iya auna hujjojin ba sai an san mene ne yake nuna a cikin tanki.

## Abin da ake nufi da nuna

Kifi na fitar da sinadarin amoniya dare da rana. Mafi yawanta ta mashaƙarsa take fita, wato jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa. Ragowar abinci da kashi da ruɓaɓɓen ganye su ma suna ƙara nasu. A kogi, yawan ruwa na tafiya da ita. A akwati mai cin lita 40 ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙona mashaƙar kifin, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Akwai ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, da amoniya ce abincinsu. Suna mayar da ita wani sinadari da ake kira naitirait. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, a ga kifi yana haki a saman ruwa alhali ruwan cike yake da iska. Sai rukuni na biyu na halittun ya karɓi naitirait ya mayar da shi naitiret. Sunayen biyu sun yi kama, amma tazararsu babba ce. Naitiret ba ya cutarwa sai ya yi yawa, kuma canjin ruwa ko tsirrai na rage shi. Galibin masu kiwo suna ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da miligiram 20 zuwa 40 a kowace lita.

Idan aka ce tanki ya nuna, ana nufin waɗannan halittu sun yi yawan da za su cinye amoniyar da kifayen ke fitarwa a yini, su kai ta har naitiret, ba tare da ta taru ba. Ɗanyen tanki shi ne wanda ba su kai wannan yawan ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne inda halittun suke zaune. Ba sa yawo a ruwa sai 'yan kaɗan. Manne suke da jikin abubuwa, a cikin wani siririn yauƙi: a ramukan soso, a tsakuwa, a bangon gilashi, musamman inda ruwa mai iska ke ratsawa. Saboda haka ɗebo ruwan tsohon tanki a zuba a sabo ba ya nunar da komai, haka kuma barin ruwa ya kwana bakwai a tanki ba kifi ba abinci. Matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tanki, ita ce take nuna, da abin da ke cikinta. Wanda ya riƙe wannan ya warware rabin gardamar, domin matata ana iya ɗaukarta daga wuri zuwa wuri.

## Dalilin jinkirin

Masanin ƙananan halittu ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware waɗannan bakteriya wajen 1890, ya nuna cewa daga sinadari suke samun ƙarfi, ba daga ruɓaɓɓen abu ba. Wannan abinci ne mai ƙarancin ƙarfi, shi ya sa ba sa saurin yawaita. Bakteriyar da ke ruɓar da abinci tana iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami yadda take so. Masu cin amoniya da naitirait kuwa suna ɗaukar sa'o'i masu yawa, sau da dama yini guda ko fiye. Rukuni na biyu ma ba shi da abin ci sai na farko ya fara samar da naitirait, don haka aikin bi da bi yake tafiya. A nan mako huɗu zuwa shida ya samo asali, wani lokaci har takwas.

Shekara da shekaru littattafan kiwon kifi suna cewa bakteriya biyu ne ke aikin, Nitrosomonas da Nitrobacter. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi, Nitrospira ce ta fi riƙe aikin naitirait. A 2005 aka ware wata halitta mai cin amoniya wadda ba bakteriya ba ce sam, daga dangin da ake kira akiya, kuma a wani tanki na gidan kifayen birnin Siyatul a Amurka aka samo ta. A 2015 wasu ƙungiyoyin masana biyu suka gano nau'in Nitrospira da ke yin matakan biyu ita kaɗai, ɗaya daga cikinsu a matatar wani wurin kiwon kifi. Wannan tarihi na da amfani ga mai saye, domin ya bayyana dalilin da ya sa kwalaben bakteriya na da can, waɗanda ake sayarwa don saurin nunar da tanki, suka yi ƙaurin suna: an cika su da nau'in da ba shi ne ke zama a tanki ba.

Halittun suna da buƙatu huɗu. Suna shan oksijin sosai, kusan miligiram 4.6 ga kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa. Suna cinye kabonet ɗin ruwa, kusan miligiram 7, abin da ke sa ruwan ya riƙa ƙara tsami. Suna son ɗumi, tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Kuma ba sa jure kulorin ɗin ruwan famfo. Idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da 6.5 aikinsu na raguwa, kusa da 6 kuma ya kusa tsayawa. Yawancin tankunan da aka ce sun ƙi nuna, idan aka bincika, ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ne aka rasa cikawa.

## Lamba ɗaya, haɗari iri-iri

Kayan gwajin da ake sayarwa suna auna jimlar amoniya ne, alhali a ruwa kashi biyu take. Akwai sakakkiya, mai ratsa mashaƙar kifi ta yi ɓarna, akwai kuma amoniyom, wanda da ƙyar yake shiga jiki. Ma'aunin pH da zafin ruwa su ke raba kason. A digiri 25, idan pH 7 ne, sakakkiyar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ce. A pH 8 ta kai kusan kashi 5 cikin ɗari. Kowane hawa ɗaya na pH ninki goma ne.

Ma'ana, mutum biyu za su iya ganin miligiram 1 a lita a gwajinsu, kifin ɗaya yana iyo lafiya, na ɗayan yana mutuwa. Na farko ruwansa na da tsami, na biyu nasa na kan 8, inda sakakkiyar amoniya ta kai 0.05, adadin da aka san yana lalata mashaƙa idan ya daɗe. Ruwan teku galibi kusan 8 ko sama da haka yake, shi ya sa masu kifin ruwan gishiri suka fi tsoron amoniya. A ɗaya gefen kuma naitirait bai cika damunsu ba, domin sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri yana tare masa ƙofar shiga jini. Yawancin saɓanin da ake ji tsakanin gogaggun masu kiwo daga nan yake: kowa na faɗin gaskiyar abin da ya gani, amma a ruwa dabam.

## Me ya bambanta tankin killacewa

Tankin killacewa ya haɗa duk abin da ke wahalar da nuna. Ƙarami ne, don kada magani ya ci da yawa. Ƙasansa fili ne, ba tsakuwa, don a ga kashi da ƙwayoyin cuta a zuƙe su, kuma a iya wanke shi tas bayan an gama. Abin ɓuya a ciki bai wuce guntayen bututun roba ba. Wannan ya bar matata a matsayin kusan gida ɗaya tilo na halittun. Sannan kifin da ake sakawa a ciki ya riga ya galabaita da tafiya ko ciwo, ba shi da ƙarfin jure abin da lafiyayye zai jure.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Giram 1 na abinci mai furotin kashi 40 cikin ɗari yana haifar da amoniya kusan miligiram 30 zuwa 40. A tanki mai lita 300, wannan kusan 0.1 ne a lita. A mai lita 40 ya kusa 1. Abincin da babban tanki zai haɗiye ba a sani ba, shi ne zai tayar da ƙaramin cikin yini.

Kuma zaman ba gajere ba ne. An saba killace sabon kifi mako huɗu zuwa shida, saboda cututtuka irin su ciwon farin ɗigo suna da matakin rayuwa da ba a ganinsu a jikin kifi. A ruwa mai ɗumi na ruwan daɗi yana kammala zagayensa cikin kusan mako guda, a mai sanyi kuma makonni. Takwaransa na ruwan teku ya fi haƙuri, an taɓa samun ƙullinsa ya kai kwana 72 kafin ya fashe. Ɗanyen tanki da aka saka wa kifi na tsawon wata guda zai bi ta tashin amoniya da tashin naitirait duka biyu, da kifin a ciki. An gudu daga cuta, ba a tsira daga guba ba. Mafi muni, alamomin gubar amoniya, wato haki da naɗe fiffike da ƙin abinci, sun yi kama da na cuta, sai mai kifi ya ƙara magani a inda canjin ruwa ake buƙata.

## Hanyoyin da ake bi, da hujjar kowacce

Hanya ta farko ita ce nunarwa ba tare da kifi ba. A cika tanki, a kashe kulorin, a kunna matata da hita, a ɗiga amoniyom kuloraid zalla har gwaji ya nuna kusan miligiram 2 a lita. Idan ta sauka a ƙara. Ranar da aka saka 2, bayan awa 24 aka tarar da amoniya da naitirait duka sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya nuna. Sai a canza mafi yawan ruwan a kawo kifi. Ƙarfin wannan hanyar shi ne tsabta: babu abin da ya taɓa wani kifi, don haka ba a gado cuta daga ko'ina ba. Rauninta shi ne lokaci. Ta dace da wanda ya tsara sayen kifi wata mai zuwa. Wanda ya wayi gari da kifi mara lafiya ba abin da za ta yi masa.

Ta biyu ita ce ajiye sosai na ko-ta-kwana. Ana barin ƙaramar matatar soso tana aiki a kusurwar babban tanki, ko a cusa guntun soso cikin matatarsa, na aƙalla wata guda. Ranar buƙata a ɗauko shi a jiƙe a kai sabon tanki, ya fara aiki a ranar. Masu sukar hanyar suna da magana biyu, kuma duka na da nauyi. Soson na iya ɗauko cutar da ke kwance a babban tanki ya kai wa sabon kifi. Sannan yawan halittun da ke jikinsa kason da ya samu ne daga aikin babban tanki, inda babbar matata ta cinye mafi yawan abincin, don haka ba lallai ya ɗauki kifi goma lokaci guda ba. Masu goyon bayanta na amsawa da cewa sabon kifin ai can zai koma daga ƙarshe, kuma halittun da suka riga suka kafu suna ninkuwa cikin kwana biyu ko uku. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi: soson hanya ɗaya yake bi. Idan ya shiga tankin killacewa ba ya komawa babban tanki sai an kashe duk abin da ke jikinsa da bilic an busar, ko a jefar da shi. Haka raga da tiyo da bokiti, kowane tanki da nasa.

Ta uku ita ce ƙin nunarwa da gangan. Masu wannan ra'ayi sun ce tankin jinya wuri ne na ɗan lokaci, canjin ruwa ya isa. Akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka da lissafi ke nunawa. Idan amoniya na ƙaruwa da 0.5 kowace rana kuma ana canza rabin ruwa kullum, za ta tsaya tana kai kawo tsakanin 0.5 bayan canji da 1 kafin na gaba. Ba za ta taɓa kai sifili ba. A ruwa mai tsami ana iya wucewa da haka, a pH 8 kuwa caca ce. Kowane canji kuma yana fitar da magani, sai an sake aunawa an cike gurbin, kuma ruwan da ake zubawa dole ya yi daidai da na ciki a zafi. Aiki ne da ba ya karɓar mantuwar rana ɗaya.

Akwai kuma kwalaben bakteriya. Waɗanda ke ɗauke da nau'in da ya dace, aka kuma adana su ba su daskare ko sun sha zafi ba, suna gajarta jiran zuwa mako ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce mai saye ba ya iya sanin halin da kwalbar ta shiga kafin ta zo hannunsa. Rubutun jikinta ba shaida ba ne, gwajin ruwa ne shaida.

Tsohuwar hanyar saka kifaye masu taurin rai su nunar da tanki da jikinsu ba ta da gurbi a nan. Ban da wahalar da su kansu suke sha, kawo wasu kifaye cikin tankin killacewa ya rushe manufar killacewar.

Idan aka jera su, soson ko-ta-kwana ya fi amsa buƙatar mutanen da suka riga suna da lafiyayyen tanki, nunarwa ba kifi ta fi ga mai farawa da wanda ke kiwon kifi masu tsada da saurin kamuwa, canjin ruwa kuma tallafi ne da kowace hanya ke komawa gare shi idan abu ya ɓaci.

## Inda magani da matata ke karo

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu ƙin nunarwa ita ce magani. Metilin bulu yana kashe halittun matata. Wasu magungunan kashe bakteriya, irin su eritiromaisin, suna raunana su. Maganin tagulla, da ake yawan amfani da shi a kifin teku, yana iya rage aikinsu a kwanakin farko. Fomalin yana shanye oksijin ɗin ruwa, wanda kifi da matata duka ke buƙata.

Sai dai a nan akwai abubuwa biyu da ake haɗewa wuri ɗaya alhali dabam suke. Tankin sa ido shi ne inda ake ajiye sabon kifi mai alamar lafiya ana kallonsa na makonni, galibi ba magani. Tankin jinya shi ne inda ake saka wanda ciwonsa ya bayyana, na 'yan kwanaki, da magani mai ƙarfi. Na farko ba shi da wani uzuri na zama ɗanye. Na biyu ne hujjar masu canjin ruwa ta fi zama daidai a kansa, kuma ko a nan ba duk magani ke taɓa matata ba. Gishiri daidai gwargwado da maganin tsutsa irin firazikwantel ba su cika yi mata illa ba.

Wasu bayanai na da muhimmanci ga mai jinya. Gawayin tacewa yana tsotse magani, sai an cire shi. Duwatsu da yashin murjani suna shanye tagulla, su hana a riƙe ma'auninta. Wasu magungunan tagulla ba a haɗa su da sinadaran ɗaure amoniya, domin haɗin na ƙara wa tagullar dafi, kuma masu yin maganin suna rubuta gargaɗin a jikin kwalba. Dutsen ziyolait yana kama amoniya a ruwan daɗi, amma da an zuba gishiri sai ya saki abin da ya kama. Ga naitirait kuwa a ruwan daɗi, gishiri kaɗan ne kariya. Masu kiwo a kandami suna neman kuloraid ya ninka naitirait kamar sau goma, wanda a tanki mai lita 40 da naitirait 1 bai kai giram 1 na gishiri ba.

## Tankin hayayyafa na da tasa matsalar

A nan nauyin ba ya zuwa ranar farko. Iyaye biyu ba sa fitar da amoniya mai yawa, kuma 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe suna rayuwa da jakar gwaiduwarsu na 'yan kwanaki ba sa cin komai. Mai kiwo ya gwada ruwa ya ga sifili, ya ɗauka komai lafiya. Daga ranar da suka fara iyo ne ake ba su abinci sau uku zuwa biyar a yini, abinci mai laushi da mafi yawansa ke nutsewa ya ruɓe, su kuma suna ninka nauyinsu cikin kwanaki. Matatar da ta saba da kifi biyu sai ta wayi gari da ɗari biyu. Mutuwar 'ya'yan kifi a mako na biyu da na uku, wadda ake yawan ɗora wa rauni na gado, sau da yawa a nan take samo tushe. Shi ya sa wasu masu kiwo ke nunar da soson hayayyafa da amoniya fiye da abin da iyayen za su buƙata, ko su ƙara soso na biyu idan 'ya'yan sun fara ci.

Matatar soso ita ce zaɓin kusan kowa a wannan tanki, don ba ta zuƙe jarirai, ba ta tayar da igiyar ruwa, kuma nunannen soso na ɗauke da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke tsinta a matsayin abincin farko. Wannan fa'ida ce da sabon soso ba shi da ita komai tsabtarsa.

Sai batun kifayen da ba sa ƙwai sai a ruwa mai laushi da tsami, kamar diskas da nau'o'in tetira da dama na kogunan Kudancin Amurka. Ruwan da suke so shi ne ruwan da halittun matata ba sa so: ba kabonet, pH kusa da 6. Nuna na tafiya a hankali ko ta tsaya. Abin da ke ceton kifin shi ne a wannan tsamin kusan duk amoniyar ta zama amoniyom. Haɗarin na ɓoye ne a canjin ruwa. Idan amoniyom ya taru, aka zuba ruwan famfo mai pH 7.8, cikin mintuna wani kaso zai koma sakakkiyar amoniya. Masu kiwon irin waɗannan kifaye suna canza ruwa kaɗan-kaɗan da ruwan da aka daidaita tun a bokiti, suna kuma dogara da tsirrai masu yawo a saman ruwa, waɗanda ke shan amoniyom kai tsaye. Soson da aka nunar a ruwa mai kauri aka kai shi mai tsami kan ja da baya na ɗan lokaci, don haka gwajin da aka yi masa a can ba ya wakiltar aikinsa a nan.

Metilin bulu da ake ɗigawa don hana ƙwai yin fumfuna shi ma yana karo da matata. Mafita ita ce a ƙyanƙyashe ƙwan a wani mazubi dabam mai iska kawai, a mayar da 'ya'yan nunannen tanki bayan an tsarkake ruwan.

## Karanta gwaji

Gwajin ɗigo na ruwa ya fi na tsinken takarda inganci, musamman ga amoniya. Akwai iri biyu: mai amfani da sinadarin Nessler, wanda ke ba da sakamakon ƙarya idan an saka sinadarin ɗaure amoniya, da mai salisilet, wanda bai cika samun wannan matsalar ba. Inda hukumar ruwa ke amfani da kuloramin maimakon kulorin, ruwan famfon kansa zai nuna amoniya bayan an kashe kulorin ɗin, domin kuloramin haɗin su biyun ne. Gwada ruwan famfo tun farko yana kawar da wannan ruɗanin.

A lokacin nunarwa ba kifi, mutane kan firgita idan naitirait ya ƙure launin katin gwaji ya zauna makonni. Dalilin nauyi ne: miligiram 1 na amoniya yana zama kusan 2.7 na naitirait, sannan 3.6 na naitiret. Wanda ke ƙara amoniya kullum ya tara naitirait fiye da abin da katin ke iya nunawa, ko yana raguwa ba zai gani ba. Canza rabin ruwa da rage ɗigon amoniya ba sa mayar da aikin baya. Idan pH ya faɗi, ɗan sodiyam baikabonet na dawo da shi. Farin hazo da ke rufe sabon tanki a kwanakin farko kuwa bakteriyar ruɓewa ce, ba alamar nuna ba, kuma yakan washe da kansa.

## Abin da wannan ke nufi ga mai kiwo

Ga mai tanki ɗaya a ɗakinsa, tankin killacewa ba sai ya zauna a kunne shekara da shekara ba. Yana iya zama a bushe a ajiye, muddin soso ɗaya na aiki a babban tanki. Idan ya zaɓi barinsa a kunne ba kifi, sai ya riƙa ɗiga masa amoniya ko ɗan abinci lokaci-lokaci. Halittun suna jure yunwa na kwanaki har makonni suna raguwa a hankali, amma bushewa da rashin iska suna gama da su da wuri. Matata rufaffiya da wuta ta ɗauke mata na sa'o'i da yawa tana iya dawowa da ruɓaɓɓen ruwa, shi ya sa ake buɗe ta a ɗauraye kayan cikinta kafin a sake kunnawa. Ɗaurayar kuma da ruwan da aka ɗebo daga tanki ake yi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Ga mai hayayyafa da tankuna da yawa, tambayar ta koma ta tsari: daga wane tanki ake ɗebo sosai? Idan duk daga wuri ɗaya suke, cutar da ta shiga wurin ta shiga ko'ina. Wasu na warware wannan da bokiti ko tanki na musamman, ba kifi, cike da sosai da iska da hita, ana ciyar da shi amoniya zalla. Duk soson da ya fito daga nan nunanne ne kuma bai taɓa haɗuwa da kifi ba.

Mai sayarwa kuma, wanda kifaye ke zo masa da yawa lokaci guda bayan doguwar tafiya, yana da nasa tarkon a cikin leda. Numfashin kifi a rufaffiyar leda yana tara iskar kabon, wadda ke ƙara wa ruwan tsami ta riƙe amoniyar da ta taru a matsayin amoniyom. Da an kwance ledar iskar ta fice, pH ya fara hawa, gubar ta saku. Saboda haka bayan doguwar tafiya ana daidaita zafi da ledar a ɗaure, sannan a kwance a kwashe kifin da raga zuwa tankin killacewa ba tare da ɓata lokaci ba, ruwan ledar kuma a zubar. A kwana biyun farko ana rage abinci ko a hana gaba ɗaya, a gwada amoniya da naitirait safe da yamma har tsawon mako guda, ko da soson da aka saka nunanne ne.